Ranar da Aka Share wa Kawu Gona

Ku gyara zama in ba ku labarin kawuna, yayan mahaifiyata, wanda yaro da babba ba su san shi da wani suna ba sai Tsaf. Kawu Tsaf. Ba tsaftar jiki ce ta jawo masa ba fa, domin rigarsa ta gona in ka jingine ta da bango tsayawa za ta yi da kanta. Gonarsa ce. Da an gama girbi an kai masara rumbu, Kawu zai saɓi manjagara ya bi gonar nan lungu-lungu, ya tattara kara da ganye da ciyawa, ya yi tsibi-tsibi ya cinna musu wuta, sannan ya dawo ya baje tokar. In ya gama, ko allura ce ta faɗi sai ka tsince ta. Masu wucewa kan tsaya su ce, "Kai, wannan gona ce ko tsakar gida?" Kawu ya yi kamar bai ji ba, amma in ka dube shi ta baya har ƙeyarsa murmushi take yi.

Matarsa, wadda muke kira Iya, ta sha ce masa, "Malam, da rabin sharar nan kake taya ni da ita a gida, da tuni na yi ƙiba."

Shi kuma ya ce, "Gida naki ne. Gona ta Baba ce."

Ta Baba ce kuwa. Tana can bayan tudu, a kan gangare, ƙasanta rafi, kuma mota ba ta zuwa, sai wata siririyar hanya ta ƙafa. Kakanmu ya rasu ya bar Kawu yana saurayi, ga Ummata, ga autansu da ko wando bai iya ɗaurawa ba. Da masarar gonar nan Kawu ya riƙe su. Autan ya girma ya bi mota, ya zama direban babbar mota a birni, shi muke kira Kawu Direba. Ƙato ne mai ƙatuwar murya, amma in yana gaban yayansa sai ya koma kamar kazar da ruwa ya doka. Ba ya ganinsa a matsayin wa, uba yake ganinsa.

To, shekaru suna tafiya sai gonar ta soma juya wa Kawu baya. Ƙasar ta yi fari, ta yi tauri kamar daɓe. In an yi ruwa ba ya shiga, gangarawa yake yi ja wur ya faɗa rafi. Tsakuwa ta fito fili. Masarar da a da take rufe mutum ta koma iya ƙugu, goyonta kamar ɗan yatsa. Can ƙasa kuma, kusa da dutsen iyaka da Kaka ya kafa da hannunsa, wata 'yar tsaga ta buɗe, kowace damina tana ƙara baki. Kawu ya ƙara taki. Da bai ga canji ba, sai ya ƙara shara, don a ganinsa sakaci ne ya yi wa gonar.

Ana cikin haka aka turo wata malamar gona yankinmu, 'yar siririya, kullum a kan babur da ƙatuwar hular kwano, har aka sa mata 'Yar Babur. Wani haɗin gwiwa ne ya kawo ta: kwalejin aikin gona ta ba da malamai, kamfanin da ke niƙa masara ya ba da iri da wani ɗan injin shuka na turawa, ya kuma ɗauki alkawarin sayen amfanin, ƙungiyoyin manoma kuma kowace ta sa ido a kan 'ya'yanta. Sharaɗinsu ne ya tayar wa Kawu da hankali. Ba ƙona kara, ba kwashe shi, ba huɗa. A kwantar da karan a bar shi ya rufe ƙasa, injin ya huda ta cikinsa ya shuka, a sa wake a tsakani.

Ita ta bi shi har gonar. Ya tsaya yana jiran yabon da ya saba ji. Sai ta durƙusa, ta buɗe gorar ruwanta ta tsiyaya a ƙasa. Ruwan ya gangara ya wuce ta tsakanin ƙafafun Kawu, ko alamar shiga bai yi ba.

Ta ce, "Baba, gonar nan tsirara take kwana."

Ya ce, "'Yata, gyara bakinki. Tun ba a haifi ubanki ba nake noma ta."

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Amma dubi tsagar can. In ruwan farko ya ci gaba da samun ƙasar nan a buɗe, wata rana za ka zo ka tarar rabin gonarka ya bi rafi."

"Wato in bar ta cikin ƙazanta, kamar gonar wanda ya mutu ba magaji?"

"Bargo za ka lulluɓa mata, Baba."

Ya kau da kai. Amma maganar rafin nan ta zauna masa a ƙirji, domin shi ma ya daɗe yana auna tsagar da ƙafarsa ba tare da ya faɗa wa kowa ba.

Ya shiga shirin, sai dai irin shigar da ba ku taɓa ji ba. Ƙin shiga ƙungiyar garinmu ya yi, ya tsallaka rafi ya shiga ta wani ƙauye inda ba surukinsa ba abokin wasansa. Da aka kawo allon da ake kafa wa gonakin shirin don mutane su gani su koya, ya ce ko a mafarki. Ya zagaye gonar da shingen ƙaya mai tsayi, wai saboda awaki. Ya sa Iya ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, har Ummata. In Kawu Direba ya zo gida ya ce, "Yaya, mu je in ga gona," sai gwiwar Kawu ta tashi da ciwo nan take.

Daminar farko zagi kawai ya sha yi a ciki. Ciyawa ta yi masa yawa, gara ta shiga karan, ya dawo yana cewa yarinyar nan ta rufe shi. A ta biyu ne ya soma yin shiru. Ƙasar da ke ƙarƙashin karan ta yi duhu, ta yi laushi, ko an kwana biyu ba ruwa in ka tura hannu sai ka ji sanyi. Masarar ba ta koma ta zamanin Kaka ba, amma ta wuce kafaɗa. Tsagar kuma ta tsaya inda take. Wata rana ya shigo gida da hularsa a hannu, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya buɗe wa Iya. Tsutsar ƙasa ce a ciki, wadda ake kira tana, sai mutsu-mutsu take cikin 'yar baƙar ƙasa.

Iya ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin tsarabarka ba, yau da ka tashi sai tsutsa?"

Ya ce, "Ke ba ki sani ba. Rabon da in ga wannan a gonar tun Baba yana da rai." Ya juya ya mayar da ita inda ya ɗauko.

Abin da ya rage masa shi ne ido. Yanar ido ta daɗe tana rufe masa su, har ya kai yana gaida turmi yana zaton Iya ce a zaune. Likita ya ce aiki za a yi. Aka zaɓi ƙarshen rani, lokacin da ba aikin gona, Kawu Direba ya zo ya kwashe su shi da Iya ya kai asibitin birni, Iya ta zauna jinya. Kun ga ke nan duk wanda ya san sirrin gonar a gidanmu ya bar gari.

Kawu Direba ya dawo duba musu gida, sai zuciyarsa ta ce ya leƙa gona. Ya buɗe ƙayar ya shiga. Abin da ya gani ya sa ya zauna a ƙasa daɓas. Kara a kwance ko'ina, na bana a kan na bara, ruɓaɓɓen ganye, igiyar wake ta bushe ta nannaɗe komai. Ya zo wurin Ummata idonsa jawur.

Ya ce, "Yaya, mun ci amanar bawan Allahn nan. Ashe ya daɗe ba ya gani, yana ɓoye mana. Je ki ga gonar Baba. Mutumin da ko tsinke ba ya bari! Shi ya sa kullum gwiwa, gwiwa."

Umma ta fashe da kuka, shi ma ya taya ta. Suka yanke shawara a yi wa Kawu abin da zai faranta masa rai: in an buɗe masa ido, abin da zai fara gani ya zama gonarsa yadda yake son ta. Kawu Direba ya tara surukai da maƙwabta, ya kwaso 'yan dako daga tasha. Umma ta ɗora manyan tukwane. Har manjagarar Kawu suka ɗauko daga bayan rumbu inda ta yi tsatsa, Direba ya riƙe ta da kansa. Suka kankare gonar nan tun daga sama har dutsen iyaka, suna waƙa suna tsokanar juna, suka tara suka cinna wuta. Mutanen ƙetaren rafi sun hango hayaƙin, amma kafin shugaban ƙungiyarsu ya gane daga inda yake tashi ya zagayo ta gada, toka kawai ya tarar, kowa ya watse. Ya rasa bakin da zai kira marar lafiya a asibiti ya faɗa masa.

Aka sallamo Kawu da baƙin tabarau da dokoki: ban da ƙura, ban da sunkuyo, ban da ɗaukar kaya, sai ido ya warke. Ina cikin waɗanda suka tare su. Ko ruwa bai gama sha ba Direba ya ce, "Yaya, taso, akwai abin da zan nuna maka. Yau ko gwiwar ta ƙi, goya ka zan yi."

Muka bi hanyar tudu a jere, Direba a gaba yana riƙe da hannunsa, surukai a baya kowa yana gyara murya don karɓar godiya. Tun kafin mu kai na ga Iya ta rage tafiya, domin ƙaurin toka ya riga ya iso mata. Aka buɗe shinge. Direba ya ce, "To, cire tabarau."

Kawu ya cire. Gona baƙa ƙirin, a share tas, iska tana ɗaga toka tana juyawa. Ya daɗe yana kallo. Iya ta kama bakin rigarsa ta baya ta riƙe. Ya juyo ya dubi ƙaninsa, wanda ya washe baki kamar yaron da ya ci jarrabawa, tafin hannunsa duk ƙurajen manjagara.

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, auta. Ko ni ban taɓa share ta haka ba."

Aka yi ta dariya ana amin. Direba ya koma birni da farin ciki.

Ranar Kawu bai ci abinci ba. Iya ta ajiye kwano ta ce, "Malam, ka kira shi ka faɗa masa."

"In ce masa me? Yaron da ya zauna ya yi kuka saboda ni?"

"Da ka bari an kafa allon nan..."

"Na sani. Ki bar ni."

'Yar Babur ta zo washegari. Ta tsaya a bakin shinge, ta cire hular kwano ta riƙe, ta kasa shiga. Ta gaya masa gaskiya: a ƙa'idar shirin, gonar da aka ƙone ta fita a wannan shekarar, ba iri ba inji. Ta ce, "Wannan zan iya zuwa ofis in roƙa, Baba. Hadari ne ba ya jin roƙo. Ƙasar nan yanzu ta fi da laushi, kuma ba abin da ya riƙe ta. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, kwasar ta zai yi." Ta ce a rufe ta da duk abin da aka samu, a faro daga sama don a can ruwa yake ɗaukar gudu. Ta ce kamfanin niƙa yana da tulin ɓawon masara da ƙaiƙayi, za ta nema masa, sai dai ana bukatar babbar mota. Sannan ta nuna shi da yatsa. "Amma ba kai za ka yi ba. Idon nan ɗanye ne."

Iya ta ce, "Ai muna da mai mota a gida."

Kawu ya ce, "Ba mu da shi."

'Yan ƙungiya sun kawo abin da suka iya, amma nasu karan yana kan nasu gonakin, ba za su tuɓe wa gonarsu su rufe tasa ba. A garinmu kuwa kusan kowa ya riga ya ƙone nasa. Sai ga Kawu Tsaf da baro da baƙin tabarau, yana bin gida-gida yana sallama: ko akwai tsohon dannin da aka sauke, ko ciyawar rufin da ta ruɓe, ko ƙaiƙayin da za a zubar. Masu zaman bakin hanya suka samu abin yi.

"Tsaf, yau kai ne da kwasar bola?"

"Kai, likitan nan ido ya gyara ko ƙwaƙwalwa ya taɓa?"

"Ƙaninka ya share, kai kana mayarwa. Ku dai gidanku ba a zama!"

Kawu dai ya tura baron ya hau tudu, ya sunkuya ya shimfiɗa, toka tana tashi tana shiga ta gefen tabarau. Idon hagu ya yi ja, ya soma zubar da ruwa. Iya ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta kai ga cire tayar baron ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Sai ya koma ɗauka a ka. Gabas kuwa kullum da yamma sai ta yi duhu ta washe, zafi ya yi nauyi, kowa ya san ruwa yana bakin ƙofa, shi ko kashi ɗaya cikin huɗu bai rufe ba.

Ran da Iya ta ga ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska, ta yafa mayafi ta zo gidanmu. Ta ce, "Rantsuwar da na yi, Allah ya yafe min," ta kwashe komai ta faɗa wa Umma. Kwanon da ke hannun Umma ya suɓuce.

Ta ce, "Ni fa na dafa musu abincin. Har ƙari na yi musu don su ji ƙarfin aiki."

Ita ta kira Direba. Ban san abin da ta ce masa ba, na dai ji ta yi magana ta yi shiru, ta yi ta cewa, "Kana ji na? Auta, kana ji na?"

Da hantsi washegari babbar mota ta tsaya a gindin hanyar tudu, cike da buhunan ɓawon masara, 'Yar Babur a bayanta. Kawu yana saukowa da igiya a hannu suka yi kiciɓis. Karo na farko ke nan da na ga Direba bai durƙusa ya gaishe shi ba.

Ya ce, "Yaya, mutanen ƙetaren rafi sun sani. 'Yar mutane mai babur ta sani. Ni da ka goya a bayanka, ni ne ba za a faɗa wa ba?"

Kawu ya ce, "Auta..."

"Ka bari na ƙone gonar Baba da hannuna, sannan ka tsaya gaban jama'a ka sa min albarka a kai. Na koma ina ba abokan aikina labari, ina alfahari!"

"Nauyi na ji."

"Nauyin wa?"

"Naka. Ni na koya maka riƙon manjagara. Na doke ka a kan kara ɗaya da ka bari. Da wane baki zan ce maka duk shekarun nan kashe ta nake yi?"

Direba ya juya ya kwance igiyar mota, ya saɓi buhu biyu ya kama hanya.

Kowa ya ɗauka. Umma, Iya, ni, 'yan ƙungiya, malamar da kanta, har biyu daga cikin masu tsokanar bakin hanya. Hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, sai ka raɓe da kaya a ka wani ya wuce. Aka zaunar da Kawu a kan dutse da ƙarfin tsiya, Iya ta ce in ya tashi ita da shi ne. Muna zubawa muna bajewa, muna danne shi da guntayen kara don kada iska ta kwashe, gabas tana ƙara haɗewa. Mun ɗan wuce tsakiyar gonar iska ta juya, ta zo da sanyi da ƙamshin ƙasa. Ɗigon farko ya faɗo min a hannu kamar an jefe ni da tsakuwa.

Ba mu gudu ba, muka tsaya a saman gonar muna kallo. Inda muka rufe, ruwa yana sauka yana ɓacewa, shiru kamar ba a yi. Daga inda ɓawon ya ƙare kuwa, sai ga shi yana gudu baƙi, tokar ce ta fara tafiya. Can ya koma ja. Kawu ya cire tabarau ya rufe idon hagu da tafin hannu don ya gani da na dama. Muka ji wani ƙara daga ƙasa, kamar katanga ta faɗi. Direba ya yunƙura zai ruga da buhu, Kawu ya cafke masa hannu ya ce, "Tsaya. Ta riga ta tafi."

Da gari ya waye, tsagar da ake tsallakawa ta zama kwazazzabon da zai haɗiye mutum a tsaye. Ƙasan gonar duk ya bi rafi, har da dutsen iyakar Kaka. An neme shi an rasa.

Idon hagu bai dawo ba. Likita ya yi faɗa har ya gaji, ya ce ba sauran abin da zai iya. Saman gonar yana nan, yana ba da masara, ƙasarsa baƙa, kuma an mayar da Kawu cikin shirin. Da ƙafarsa ya je ya karɓo allon nan, bai ma kafa shi a gonar ba, sai a gindin hanyar tudu inda ko makaho zai yi karo da shi. Wasu a garinmu sun daina ƙona kara, wasu har gobe dariya suke yi. Kwazazzabon dai bai ƙoshi ba, kowace damina sai ya ɗan gutsura. Malamar ta ce a riƙa jera masa duwatsu a baki ana dasa ciyawa, ko zai tsaya.

Kawu Direba bai sake kwana a gidan ba. Yana kira a waya, gaisuwa ce gajera, ya jiki, ya Iya, sai an jima. Umma ta yi ta ƙoƙarin haɗa su, kowa ya ce ai ba komai. Amma lokaci-lokaci sai a wayi gari a ga tulin duwatsu a gindin allon nan, da sawun manyan tayoyi a ƙasa. Na taɓa zuwa na tarar an sauke sababbi. Iya ta leƙo ta ce, "Malam, ɗan'uwanka ya zo gaishe ka."

Kawu ya fito ya tsaya a kan sawun tayar, ya karkata kai yana dubansa da idon da ya rage.

Ya ce, "Ya shigo ya sha ruwa?"

Ta ce, "Bai shigo ba."

Ya gyaɗa kai. Ya zaɓi dutse ɗaya daidai ƙarfinsa, ya ɗora a kafaɗa, ya kama hanyar tudu.